Kayan aikin gyara da daidaita abubuwan shafin intanet

Waɗannan kayan aiki rukuni biyu ne. Na farko shi ne manhajojin da ake rubuta ko sauya rubutu, hotuna da fasalin shafi da su. Na biyu shi ne waɗanda ke sa kwafin da ke kan kwamfutar mai aiki ya zo ɗaya da wanda ke kan uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin tana miƙa shi ga masu karatu. Abin da ake fara dubawa kafin a zaɓi kowace manhaja shi ne inda abubuwan shafin suke zaune: a cikin fayiloli, ko a cikin rumbun bayanai, wato manhajar da ke adana rubutu da saituna a cikin jadawali.

Tarihi

Hanya mafi tsufa ta ɗora fayil a uwar garke ita ce FTP. Abhay Bhushan ne ya rubuta ƙa'idarta ta farko a 1971, aka fitar da wadda ake bi har yau a 1985. Tana amfani da ƙofa mai lamba 21, wato lambar mashigar da uwar garke ke sauraron irin wannan haɗi ta cikinta, kuma tana tura sunan mai shiga da kalmar sirrinsa a fili, ba tare da ɓoye su ba. Duk wanda ke leƙen layin zai iya karanta su. A 1995 Tatu Ylönen na ƙasar Finlan ya ƙirƙiro SSH, wadda ke ɓoye duk abin da ke wucewa ta ƙofa mai lamba 22, kuma a kanta SFTP, hanyar tura fayil a ɓoye, ke tafiya. Manhajoji kamar WinSCP da FileZilla, waɗanda suka fito a farkon shekarun 2000, suna iya aiki da hanyoyin biyu.

A ɓangaren gyara kuwa, FrontPage ta bayyana a wajajen tsakiyar shekarun 1990, Dreamweaver ta biyo baya a 1997. Da su mutum yana ganin shafin yadda zai fito yayin da yake gyarawa. Daga baya manhajojin da ke ajiye abubuwan shafi a rumbun bayanai suka karɓe fagen: Drupal a 2001, WordPress a watan Mayun 2003 daga Matt Mullenweg da Mike Little, sai Joomla a 2005.

Rsync

Andrew Tridgell da Paul Mackerras ne suka fitar da rsync a Ostiraliya a 1996, kuma har yanzu da wuya a samu abin da ya fi ta wajen daidaita fayiloli a kan layi mai rauni. Da farko tana kwatanta girman kowane fayil da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe a ɓangarorin biyu. Wanda bai canza ba sai ta tsallake shi. Wanda ya canza kuwa, ɓangaren da ke karɓa yana raba tsohon kwafinsa gunduwa-gunduwa, ya lissafa wa kowace gunduwa lambar shaida, ya aika. Mai turawa sai ya nemo gunduwoyin da suka dace a cikin sabon fayil, ya tura abin da ya bambanta kaɗai.

Ana sarrafa rsync da umarni a rubuce mai ɗauke da alamomi: alamar -a tana kiyaye izini da lokutan fayiloli, -z tana matse bayanai a hanya, --partial kuma tana ajiye rabin fayil da aka tura idan layi ya yanke, don kada a fara daga tushe. Abubuwa biyu ke yawan jawo asara. Na farko shi ne alamar / a ƙarshen sunan foldar da ake turawa: idan tana nan, abin da ke cikin foldar ake kwafa, idan babu, foldar kanta ce ke shiga cikin wurin da aka nufa, sai shafin ya koma wani adireshi. Na biyu shi ne --delete, wadda ke goge duk abin da ke foldar da aka nufa a uwar garke da babu shi a kwamfutar mai turawa. A shafin da editoci ke ɗora hotuna kai-tsaye ta burauza, wannan alama kan share hotunan baki ɗaya. Shi ya sa ake fara gudanar da umarnin da --dry-run, wadda ke nuna abin da zai faru ba tare da taɓa komai ba.

Git

Linus Torvalds ya rubuta Git a 2005. Tana ajiye tarihin kowane sauyi da wanda ya yi shi, tana kuma ba da damar komawa baya. Ta fi dacewa da shafukan da aka gina da Jekyll ko Hugo, manhajojin da ke haɗa shafi daga fayiloli, inda kowace maƙala fayil ce ta Markdown, wato rubutu zalla mai 'yan alamomin tsarawa. Ba ta dace da manyan bidiyoyi ba, kuma ba a saka fayil mai kalmar sirri, kamar wp-config.php na WordPress, a cikinta.

Shafukan da ke kan rumbun bayanai

A WordPress maƙaloli, sharhin masu karatu da saituna suna cikin rumbun bayanai na MySQL ko MariaDB, hotuna kuma suna cikin foldar wp-content/uploads. Wanda ya kwafi fayiloli kaɗai rabin shafi ya ɗauka. Ƙa'idar da aka saba ita ce tsarin shafi ya tashi daga kwamfutar gwaji, wato wadda mai aiki ke gwada sauye-sauye a kanta, zuwa uwar garke, rumbun bayanai kuma ya sauko daga uwar garke zuwa kwamfutar gwaji. Idan aka juya, duk abin da aka wallafa tun daga kwafin ƙarshe ya tafi. Wajen sauya adireshin shafi kuma, ba a canza shi da hannu a fayil ɗin rumbun, domin wasu saituna na ɗauke da ƙidayar haruffansu, kuma suna lalacewa idan tsawon adireshin ya canza. Umarnin search-replace na WP-CLI, manhajar sarrafa WordPress da umarni a rubuce, yana sauya adireshin ya kuma gyara ƙidayar.

Haruffa masu ƙugiya

Ga shafin Hausa wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba sa cikin latin1, wani tsohon tsarin adana haruffa a kwamfuta, amma suna cikin tsarin UTF-8, inda kowannensu baiti biyu ne. Idan manhajar gyara ta ajiye fayil da wani tsari, ko aka zuba rubutun a rumbun latin1, haruffan kan koma alamar tambaya, kuma babu hanyar dawo da su sai daga kwafin ajiya. Dole manhajar gyara, rumbun da shafin kansa su kasance duk a kan UTF-8. A MySQL ana zaɓar utf8mb4, wato cikakken UTF-8. Gwajin mai sauƙi ne: a rubuta "ƙasa" da "ɗaki", a ajiye, a sake buɗewa a waya.

A Kaduna

Ɗaukewar wuta da tsadar data su ke gyara zaɓi a nan. Mai kula da shafin makarantar Islamiyya a Tudun Wada ko na shago a Kawo, wanda ke jona kwamfuta da datar wayarsa, ya fi cin ribar yin gyara ba tare da intanet ba, sannan ya tura bambancin kaɗai. Inda marubuta ke aiko da labarai daga waya kuwa, WordPress ta fi sauƙi, a ba kowa asusunsa da matakin izinin da ya dace da shi.

Saɓani

Sabon editan WordPress mai suna Gutenberg, wanda ya zo da siga ta 5.0 a Disambar 2018, ya raba kan masu amfani. Wasu sun ci gaba da tsohon edita ta hanyar ƙarin manhaja mai suna Classic Editor, wasu kuma suka ɓalle suka kafa ClassicPress, wani reshen WordPress da ba ya amfani da Gutenberg.