Albarka a Littafi Mai Tsarki da Al'adar Kirista

Albarka, a fahimtar Kirista, ita ce alherin da Allah yake yi wa halittarsa don ta rayu, ta yalwata, ta kuma zauna lafiya da shi. Tun a babi na 1 na Littafin Farawa aka ce Allah ya sa wa mutum albarka, ya umarce shi da ya hayayyafa ya cika duniya. A babi na 12 kuwa aka yi wa Ibrahim alkawarin cewa za a albarkace shi, kuma ta dalilinsa dukan kabilun duniya za su sami albarka. Wannan alkawari shi ne ginshiƙin batun, domin ya nuna cewa wanda aka ba albarka an ba shi ne don ta kai ga wasu.

A Tsohon Alkawari sau da yawa albarka abu ce da ido ke gani: 'ya'ya, ruwan sama, amfanin gona, garken dabbobi da tsawon rai. Babi na 28 na Maimaitawar Shari'a ya ɗaura waɗannan ga biyayya, ya kuma ɗaura la'ana ga tawaye. Albarkar baki ma tana da nauyi ƙwarai, shi ya sa Ishaku ya kasa janye wadda ya sa wa ɗansa Yakubu, duk da kukan da Isuwa, wan Yakubu, ya yi. Addu'ar da aka ba Haruna da 'ya'yansa a Littafin Ƙidaya 6:24-26, wadda ke roƙon Ubangiji ya kiyaye jama'a, ya haskaka musu fuskarsa, ya ba su salama, an same ta rubuce a kan wasu ƙananan layu biyu na azurfa da aka tono a Ketef Hinnom, kusa da Urushalima, a shekarar 1979. Masana suna ganin an rubuta su wajen shekaru 600 kafin haihuwar Almasihu. Amma Littafin Ayuba ya hana a ɗauki wadata a matsayin ma'aunin adalci, tun da Ayuba mai gaskiya ne, ya kuma rasa dukiya da 'ya'ya da lafiya.

Yesu ya kai wannan tunani matuƙa. A Matiyu 5:3-12 ya kira masu talaucin ruhu, masu makoki, masu tawali'u, masu jinƙai, masu sulhunta mutane da waɗanda ake tsananta wa saboda adalci masu albarka. Luka 6:20-26 ya fi kaifi, domin ya jera albarka huɗu ga matalauta, mayunwata, masu kuka da waɗanda ake ƙi, sannan kaito huɗu ga mawadata, ƙosassu, masu dariya da waɗanda kowa ke yabo. A nan albarka ta zama matsayin mutum a gaban Allah, wanda rashi ko wahala ba sa rushewa. Manzo Bulus, a Galatiyawa 3:14, ya ce albarkar Ibrahim ta kai ga al'ummai ta wurin Almasihu.

A ibada, ikilisiyoyi da yawa suna rufe sujada da addu'ar albarka daga bakin fasto ko firist, kuma Fafaroma yana sa wa birnin Roma da duniya albarka a Kirsimeti da Ista. Ɗarikar Katolika tana ba mamaci laƙabin “Mai Albarka” a matakin da ke kafin a ayyana shi waliyyi, kamar yadda Fafaroma John Paul na Biyu ya yi wa firist ɗan Najeriya Cyprian Michael Iwene Tansi a watan Maris na 1998.

Muhawara mafi zafi a yau ita ce ta wa'azin wadata, wanda ya bunƙasa a Amurka a ƙarni na 20 ya kuma yaɗu a Afirka, inda ake koyar da cewa bangaskiya da baiko, wato kyautar da ake bayarwa a coci, suna jawo dukiya da lafiya. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da ayoyi irin su Malakai 3:10, wadda ta yi alkawarin albarka ga masu ba da zakka. Masu sukarsa, daga Katolika da Furotesta, suna cewa yana mayar da kyautar Allah ciniki, kuma hujjarsu tana da ƙarfi, domin koyarwar ba ta da amsa mai gamsarwa ga mai bi da ya yi addu'a da aminci, ya ba da zakkarsa, amma bai fita daga talauci ko ciwo ba.