Mene ne manajan fakiti, kuma me ake nufi idan aka ce ya karye?

Cikin watan Mayu ne, lokacin da zafin Yamai ke hana mutum barcin rana, ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Abdou Moumouni ya ƙetaro gada daga Harobanda da kwamfutarsa a jaka, gumi na zuba. Ko ruwa bai sha ba ya ce, "Kawu, ordinatar ɗina ta plante. Wani mai gyara ya ce sai an yi mata formataj, jika biyar." Kundin kammala karatunsa na ciki, saura kwana goma ya miƙa.

Na kunna ta, ta tashi lafiya lau. Takardunsa na nan, intanet na aiki. Abin da ya kira plante shi ne, duk sa'ad da ya buɗe shagon manhajoji don ya saka wani abu, sai tagar ta ɗan yi juyi ta rufe kanta, ko ta fito da jan rubutu. Linux ce a kan na'urar, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, daga danginta da ake kira Debian. Na buɗe baƙar tagar umarni, wadda ake kira tarminal, na nemi ta saka manhajar VLC, sai ta amsa da Faransanci: "dpkg a été interrompu". Wato an katse dpkg yana tsakiyar aiki. A layin nan ɗin ma ta faɗi umarnin da za a buga a gyara. Yaron ya ga wannan rubutu ya fi sau goma, bai taɓa karanta shi har ƙarshe ba.

Kafin a gane abin da aka katse, sai an san ko wane ne manajan fakiti. Masu Faransanci na ce masa gestionnaire de paquets. Kalmar fakiti kuwa ba baƙuwa ba ce gare mu, mun san fakitin sukari da fakitin ashana. A kwamfuta ma haka ne, fakiti ƙunshi ne guda da aka ɗaure manhaja a cikinsa. A dangin Debian sunansa na ƙarewa da .deb, kuma idan ka kwance shi za ka tarar da kaya kashi biyu: fayilolin manhajar kansu, da ƴar takardar bayani mai faɗin sunan fakitin, lambar fitowarsa, da sunayen wasu fakitoci da ba zai yi aiki ba sai da su. Manajan fakiti shi ne ma'aikacin da ke ɗauko waɗannan ƙunsoshi daga rumbunan da ke intanet, ya tabbatar ba a taɓa su a hanya ba, ya kwance, ya ajiye kowane fayil a mazauninsa, sannan ya rubuta a littafi cewa abu kaza ya shigo, ga inda aka sa shi. A ganina littafin nan shi ne zuciyar maganar, sauran duk dako ne.

Wanda ya saba da Windows zai ga abin banbarakwai, domin can al'adar ita ce ka nemo fayil a wani shafi, ko abokinka ya ba ka a kile, ka danna "suivant" har ka gaji. Amma duk mai wayar Android ya san irin wannan tsari ko bai san sunansa ba, tunda Play Store ma wuri ɗaya ne da ake ɗauko manhaja, a sabunta ta, a cire ta. Linux ta riga su da nisa. Ian Murdock ya kafa Debian a 1993, dpkg ya biyo baya a 1994, APT kuma ya fito tare da Debian 2.1 a 1999. Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya soma a 2004, ta gaji wannan tsari, Linux Mint ta gada daga gare ta. A wasu dangogin Linux kuwa, Fedora na da dnf, Arch na da pacman. Microsoft ma sai a 2020 ta fito da nata, winget.

A dangin Debian ma'aikatan hawa uku ne, kuma rashin bambance su ne ke sa a ɗora wa wani laifin wani. A ƙasa akwai dpkg, lebura ne mai riƙe da littafi: ka ba shi fakiti ya kwance ya rubuta, bai san intanet ba, bai san inda ake samo kaya ba. A samansa akwai apt, shi ne ɗan aike mai lissafi, wanda ya san rumbuna, ya san cewa in kana son wannan to sai an haɗo da wancan da wancan. Can sama kuma sai shagon manhajoji mai hotuna da maɓallai, wanda mutane ke gani. Shagon nan fuska ce kawai. Idan ya rufe kansa, sau da yawa ciwon yana ƙasa, shi dai bai iya faɗa ba ne. Saboda haka matakin farko kullum shi ne a sauka tarminal a maimaita aikin da apt, domin shi yana faɗin abin da ke damunsa.

Saka fakiti kuma ba bugu ɗaya ba ne. dpkg kan kwance kayan tukuna ya shimfiɗa fayiloli, daga baya ya dawo ya daidaita su, ya ɗaura su da sauran tsarin. A kowane mataki yana rubuta halin da fakitin ke ciki a wani fayil mai suna /var/lib/dpkg/status: wannan an kwance amma ba a daidaita ba, wancan an yi rabin daidaitawa, wancan ya kammala. Kamar magini ne da ya zuba rabin dakali aka kira shi. In ya dawo ba zai yarda ya ɗora bulo a kai ba sai ya ƙarasa zubin. To haka wannan tsari yake. Idan apt ya farka ya ga littafin dpkg na cewa akwai aikin da ya tsaya a rabi, ba zai karɓi sabon aiki ba ko ka roƙe shi. Mutane sai su ce ya karye, alhali kuwa ƙin ha'inci ne yake yi.

Na tambayi yaron, "Ran da abin ya fara, me kake yi?" Ya yi shiru, can ya ce, "Wallahi Kawu, mizajur nake yi aka ɗauke wuta." Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, irin na hannu ce da aka saya a kasuwa, wuta na tafiya tana mutuwa nan take. Sabuntawa ta fakiti sama da ɗari ta tsaya a tsakiya. Muka buga `sudo dpkg --configure -a`, ma'anarsa ka ƙarasa daidaita duk abin da ka bari. Rubutu ya yi ta gudu kamar minti huɗu. Muka bi shi da `sudo apt --fix-broken install`, wanda ke duba ko akwai fakitin da ya rasa abokan tafiyarsa ya ɗauko masa su. Ya ɗauko guda uku. Shi ke nan.

Abokan tafiyar nan su ne ake kira dépendances, ni kuwa dogaro nake ce musu. A fada idan aka ce a ɗora shayi, kowa ya san ba ganye kaɗai ake nufi ba, akwai sukari, gawayi, buta da ƴan kofuna. Manhaja ma haka take, ba ta zuwa da komai nata. Tana jingina da wasu ƙananan fakitoci da manhajoji da yawa ke tarayya a kansu, kamar kaskon gawayi ɗaya da ake dafa shayin kowa a kai. Amfaninsa a fili yake: kaya ba sa maimaituwa, kuma in aka toshe wata ɓaraka a fakiti ɗaya, duk masu jingina da shi sun amfana. Wahalarsa ita ce kowace manhaja na iya cewa ita sai lamba kaza ko sama da haka. Rumbun Debian 12 na da fakiti sama da 60,000, kuma masu kula da shi sun gwada su tare don su zauna lafiya da juna. Rikici na shigowa ne ran da ka ɗauko .deb daga wani shafi da aka yi shi don wata fitowa dabam, ko ka ƙara rumbun wani mutum saboda wani bidiyo ya ce ka yi. Sai sabon ya ce yana son lamba ta 3, tsofaffin su ce su ta 2 suka sani, apt ya tsaya tsakiya ya ce ba zai iya sasanta su ba. Wannan ya fi ɗaukewar wuta wuyar gyara, kuma maganinsa yawanci shi ne a cire baƙon da ya kawo rigimar da rumbun da ya zo da shi. Ina roƙon mai karatu abu ɗaya a nan: idan apt ya ce don ya gyara zai cire fakitoci, karanta jerin kafin ka ce eh. Na taɓa ganin wanda ya amince ido rufe, ya wayi gari babu tebur babu taga, baƙin allo kawai.

Sai maganar makulli, wadda ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta. Saƙon kan ce "Impossible d'obtenir le verrou", ya ambaci /var/lib/dpkg/lock-frontend. Dalilinsa mai sauƙi ne. Littafin bashi na shago, in mutum biyu na rubutu a cikinsa lokaci guda, lissafi ya lalace. Don haka duk wanda zai taɓa littafin dpkg sai ya riƙe makulli, na biyu ya jira. Sau da yawa mai riƙe da shi wani ma'aikaci ne mai suna unattended-upgrades, da ke saka gyare-gyaren tsaro a ɓoye jim kaɗan bayan an kunna na'ura, kuma da intanet ɗinmu mai tafiyar hawainiya yakan daɗe. Shawarar da ta cika intanet ita ce a goge fayil ɗin makullin. Kada ka yi. A wajen apt da dpkg, makullin na sakin kansa da zarar mai riƙe da shi ya gama ko ya mutu, ko sake kunna na'ura ma ya isa. Idan ka goge shi alhali wani na aiki, ka buɗe wa hannu na biyu littafi ne, kuma da kanka ka ƙirƙiro ɓarnar da kake tsoro. Sababbin fitowar apt ma suna faɗa maka lambar aikin da ke riƙe da shi, su tsaya suna jira. Ka je ka yi sallah ka dawo. A Arch ne labarin ya bambanta: makullin pacman fayil ne zalla, db.lck, wanda kan yi saura in an katse aiki, sai an cire shi da hannu bayan an tabbatar babu pacman da ke gudana.

Akwai wasu dalilan da ba sa buƙatar dogon zance. Faifai na iya cika, `df -h` zai nuna, `sudo apt clean` kuma zai share tsofaffin ƙunsoshin da aka tara a /var/cache/apt/archives. Fakiti na iya saukowa a gutsure in layi ya yanke, apt ya ƙi shi domin hatiminsa bai dace ba, a sake ɗaukowa kawai. Fitowar Ubuntu na iya tsufa: na yau da kullum wata 9 ake kula da su, masu dogon zango irin 22.04 da 24.04 shekara 5, kuma idan aka daina kula da fitowa gaba ɗaya akan kwashe rumbunanta zuwa wani wuri, apt ya je ya tarar da kango.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na agogo, kuma ya yawaita a kwamfutocin hannu da ke shigo mana. A cikin yawancinsu akwai ɗan batiri mai kamar kwabo, sau da yawa CR2032, da ke riƙe lokaci idan an kashe kwamfutar. In ya mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya, sai apt ya duba takardar rumbu ya ga an sa mata hannu a ranar da, a lissafinsa, ba ta zo ba tukuna, ya ce bai yarda ba. Mutum zai kwana yana zargin intanet, alhali gyara kwanan wata ne kawai, sannan a sayi batirin a wajen masu gyaran agogo.

Kafin yaron ya tafi na sa ya kwafi kundinsa a kile biyu, na kuma ce kada ya sake taɓa sabuntawa sai ya miƙa aikin, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Na nuna masa /var/log/apt/history.log, inda apt ke rubuta abin da aka saka da ranar da aka saka shi. Ya gangara ƙasa ya ga daren da aka ɗauke wutar, da lokacin farawa a rubuce, babu lokacin gamawa. Ya ce, "Kawu, ashe ita ma ta san abin da ya faru." Jika biyar ɗin kuwa ya ce zai ƙara a kan kuɗin sabon batiri, na ce ya fara biyan kuɗin kabu-kabun da ya kawo shi tukuna.