DORA biyu ce fa, a daina haɗa su

Tun da dokar DORA ta Tarayyar Turai, wadda ta shafi tsaron na'urorin kamfanonin harkar kuɗi, ta fara aiki ranar 17 ga Janairun 2025 nake jin magana iri ɗaya a bakin masu rubuta manhaja, wai yanzu dole a riƙa ƙirga sau nawa kowa ya saki sabon aiki, wai allon dandalin da kamfani ke amfani da shi a cikin gida wajen sakin manhaja, wanda ke nuna wace siga ce a wurin gwaji wace ce a hannun kwastomomi shi za a miƙa wa hukuma, in abin da ka tura ya lalace kai za a ci tara. Don Allah a bi a hankali. Abubuwa biyu ne daban ake kira DORA, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Akwai DORA ta masu bincike kan yadda ake sakin manhaja, wadda Google ya saya a 2018, ita ce mai ma'aunai huɗu da aka sani: yawan sakin aiki, tsawon lokaci daga rubuta kod zuwa fitarsa, kaso nawa ne ke kawo matsala, da saurin gyara in an samu matsalar. Wannan ba doka ba ce, ba wanda zai kama ka a kanta. Sai kuma DORA ta Turai, doka mai lamba 2022/2554, wadda ta shafi bankuna, kamfanonin inshora, masu zuba jari, masu hada-hadar biyan kuɗi da na kirifto, da kamfanonin fasaha da ke yi musu aiki. In kamfaninku ba ya cikin waɗannan kuma ba ya yi wa irinsu kwangila, to ka sha kuruminka.

Abin da ta ce kan sakin manhaja yana sashe na 9, kuma gajere ne: duk canjin da za a yi a rubuta shi, a gwada, a auna haɗarinsa, a amince, a aiwatar, sannan a tabbatar ya zauna daidai. Ba ta ambaci Backstage ba, wani dandalin cikin gida na masu rubuta manhaja da kamfanin Spotify ya buɗe wa kowa a 2020, ba ta ambaci wani dandali ba ma. Dandalin dai sauƙi yake kawowa, don ranar da odita ya tambaya wa ya amince da wannan siga kuma yaushe ta bar wurin gwaji, ba sai an shiga tonon tsofaffin saƙonni ba.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne maganar amincewa. Ƙa'idojin da suka biyo baya a 2024 sun ce mai amincewa da canji ya zama daban da mai nema da mai aiwatarwa. Daga nan wasu suka ɗauka shi ke nan an koma zamanin kwamiti, sai an jira taron mako kafin a gyara harafi ɗaya. Ni dai a karatuna ban ga kwamiti ba, abin da na gani shi ne kada mutum ya zama shi ne alƙali shi ne mai ƙara. To gyaran gaggawa fa, ƙarfe biyun dare komai ya tsaya? An yi masa tanadi, a gyara, amma a rubuta kuma a dawo a duba a amince daga baya. Matsalar ita ce "daga baya" ɗin nan da yawa ba ya zuwa, kuma irin wannan gyaran da aka shiga saba, wato babbar na'urar da manhajar ke gudana a kanta, aka yi da hannu shi ne dandali ba ya gani sam, allo na nuna siga ɗaya abin da ke gudana daban.

Sai tara. Adadin da ke cikin dokar a fili shi ne har kashi 1 cikin 100 na matsakaicin cinikin kamfani na rana a duk duniya, ana cin sa kullum har tsawon wata shida in an ƙi gyarawa. Amma wa ake nufi? Manyan kamfanonin fasaha da hukumomin Turai suka ayyana cewa harkar kuɗi ta dogara da su sosai. Ba banki ba, balle ma'aikacin da ya danna maɓalli. Hukuncin bankuna da sauransu an bar wa kowace ƙasa ta tsara nata, shi ya sa in ka ga wani ya faɗi adadi ɗaya ya ce na duk Turai ne, ka tambaye shi wane sashe. Gaskiya ne ana iya hukunta mutum shi kansa, sai dai alhakin ƙarshe dokar ta ɗora shi ne kan shugabannin kamfani.

Ni ban ga rashin adalci ba a ce wanda ke riƙe da kuɗin jama'a ya san me ke gudana a na'urorinsa. Abin da ke min ciwo shi ne manajan da zai fake da sunan doka ya jera sunayen ma'aikata a allo, wane ya saki goma wane ya saki biyu. Dokar ba ta nemi haka ba, su kansu masu ma'aunai huɗun don tawaga suka yi su. Ƙananan kamfanoni masu kwangila kuwa su ne ke shan wahalar, dokar ta ce a duba girman kowa, amma takardar tambayoyin da banki zai aiko musu sau da yawa iri ɗaya ce da ta kamfani mai ma'aikata dubbai.