Manya sun yi laifi, ɗalibai na biya: tambayoyi kan hukunta ƙungiyoyin ƙwallon jami'o'in Amurka

A Amurka ƙwallon jami'o'i, irin wadda ake runguma a ruga da ita, babbar harka ce. Filin Jami'ar Penn State kaɗai yana ɗaukar mutum sama da dubu ɗari. Inda kuɗi da suna suka kai haka, ana samun shugabannin da ke rufe ido a kan ɓarna.

Wa ke da ikon hukunta jami'a?

Hukumar NCAA, wadda jami'o'in da kansu suka kafa a 1906. Ba kotu ba ce, ba ta ɗaure kowa, ba ta kuma iya tilasta wa mutum ya ba da shaida. Abin da ke hannunta shi ne tara, da hana ƙungiya wasannin ƙarshen kaka, da rage guraben karatu kyauta da ake jawo 'yan wasa da su, da soke nasarorin baya. Tuhumar da jami'o'i suka fi tsoro ita ce a ce shugabanni sun kasa sa ido a kan sashen wasanninsu.

Me ake nufi da "hukuncin kisa"?

Rufe ƙungiya ɗungurungum. Sau ɗaya aka yi wa babbar ƙungiyar ƙwallo haka: Jami'ar SMU da ke Dallas, a 1987. Attajiran magoya baya suna biyan 'yan wasa a ɓoye, an kama jami'ar an ja mata kunne, amma aka ci gaba da biya da sanin Bill Clements, shugaban kwamitin gudanarwarta, wanda kuma ya yi gwamnan Texas. An soke kakar 1987, jami'ar ta haƙura da ta 1988 don ba ta da isassun 'yan wasa. Sai a 2009 ta sake samun shiga wasan ƙarshen kaka. Tun daga nan NCAA ba ta ƙara yi wa wata babbar ƙungiyar ƙwallo haka ba.

To me ya faru a Penn State?

Nan laifin ya wuce maganar wasa. A watan Yunin 2012 kotu ta sami Jerry Sandusky, tsohon mataimakin koci, da laifuffuka 45 na lalata da yara maza. Binciken Louis Freeh, tsohon shugaban FBI, ya ce manyan jami'ar, har da koci Joe Paterno, sun ɓoye abin da suka sani. Iyalan Paterno sun musanta. NCAA ta ci jami'ar tarar dala miliyan 60, ta hana ta wasannin ƙarshen kaka na shekara huɗu, ta rage mata gurabe, ta soke nasarori 112 daga 1998 zuwa 2011.

Ba a je ko'ina ba aka fara ja da baya. An ɗage haramcin a 2014, aka maido da nasarorin a Janairun 2015 bayan wata ƙara da wani ɗan majalisar jihar Pennsylvania ya shigar. Raunin hukuncin shi ne NCAA ba ta yi nata binciken ba, kuma dokokinta an rubuta su ne don maguɗin wasa. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muhawarar ta koma kan adadin nasarorin koci, yaran da aka zalunta kuwa aka bar su a gefe.

Shi ya sa ba a taɓa Baylor sosai ba?

Akwai alaƙa. A 2016 Jami'ar Baylor da ke Texas ta kori koci Art Briles saboda yadda aka yi sakaci da ƙorafe-ƙorafen fyaɗe da ake zargin 'yan wasanta da aikatawa. A 2021 NCAA ta yi tir da halin, amma ta ce bai saɓa wa dokokinta ba. Tarar dala 5,000 ta ci jami'ar, ita ma a kan wasu laifuffuka daban.

Wa hukuncin ya fi faɗawa a kai?

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dubi Jami'ar USC da ke Los Angeles. An same ta da laifi a 2010 saboda kyaututtukan da ɗan wasanta Reggie Bush da iyalinsa suka karɓa, aka hana ta wasannin ƙarshen kaka na shekara biyu, aka yanke mata gurabe 30. A lokacin Bush ya daɗe da komawa NFL, gasar ƙwararrun 'yan wasa, koci Pete Carroll ma ya tafi ƙungiyar Seattle ta gasar 'yan watanni kafin hukuncin. Waɗanda suka biya samari ne da suke makarantar sakandare sa'ad da aka yi abin. Kowane gurbi da aka yanke kuma, wani yaro ne, wataƙila ɗan talaka, ya rasa karatun da gidansu ba za su iya biya ba.

Akwai hanyar da ta fi wannan?

Akwai, an ma fara bin ta. A 2023 Jami'ar Tennessee ta biya tarar dala miliyan 8 a maimakon a hana 'yan wasanta na lokacin wasa, tsohon kocinta Jeremy Pruitt kuma aka ɗaura masa takunkumin shekara shida da zai bi shi duk jami'ar da ya nufa. Ni a ganina nan ne daidai: a taɓa aljihun jami'a, a kama sunan wanda ya sani ya yi shiru. Inda kuma laifin ya kai ga cutar da mutum, aikin kotu ne, kamar yadda Graham Spanier, tsohon shugaban Penn State, ya shiga gidan yari a 2021.