Tsawon Jirgin Ƙasa na Kaya a Amurka: Taƙaddamar da Ta Haura Shekara Ɗari

Wanda ya fara jin maganar ƙayyade tsawon jirgin ƙasa na kaya bayan hatsarin jirgin da ya auku a 2023 a garin East Palestine na Amurka zai ɗauka sabon abu ne. Tun a 1912 jihar Arizona ta yi dokar da ta hana jirgin kaya jan tarago fiye da 70. Hujjarta ita ce fizgar da ke tasowa a mahaɗar taragai: idan dogon jirgi ya taka birki, na baya kan bugi na gaba, ma'aikatan da ke can ƙarshe su ji rauni.

Kamfanin Southern Pacific ya ƙalubalanci dokar, a 1945 kuma Kotun Ƙoli ta soke ta. A ganin kotun, dokar na kawo cikas ga cinikayya tsakanin jihohi, kuma gajarta jirage na nufin yawaita su, yawansu kuwa shi ma yana haddasa haɗari a mararrabar hanyoyi. Wannan hukunci ne ya ɗaure hannun jihohi, gwamnatin tarayya kuma ba ta taɓa sanya iyaka ba.

Daga baya Hunter Harrison, wanda ya shugabanci kamfanonin jiragen ƙasa na Canadian National da Canadian Pacific da CSX, ya yaɗa tsarin rage kashe kuɗi: jirage kaɗan amma dogaye, da ma'aikata ƙalilan. Rahoton ofishin binciken gwamnati na GAO a 2019 ya nuna cewa wasu jiragen na kai mil uku. Irin wannan idan ya tsaya a tsakiyar gari sai ya tare hanya, motar asibiti ta rasa wucewa, har an ga yara 'yan makaranta suna rarrafe ta ƙarƙashin taragai.

Ranar 3 ga Fabrairun 2023 jirgin kamfanin Norfolk Southern mai tarago kusan 150 ya kauce daga layi a East Palestine ta jihar Ohayo, 38 suka tuntsure, wasu ɗauke da sinadari mai guba. Masu bincike sun gano cewa boris ɗin ƙafar wani tarago ne ya yi zafi, kuma kamfanoni sun kama wannan da hannu biyu suna cewa tsawo ba shi da laifi. Ni dai ban gamsu ba, domin yawan taragai yawan abin dubawa ne, masu dubawar kuma an rage su.

Sherrod Brown da JD Vance, waɗanda sanatoci ne a lokacin, sun gabatar da ƙudirin gyaran dokokin tsaron jiragen ƙasa a 2023, bai zama doka ba. A 2024 hukumar kula da layin dogo ta tarayya ta wajabta ma'aikata biyu a yawancin jirage, amma ba ta taɓa batun tsawo ba. Wasu jihohi na neman tsayar da shi a ƙafa 8,500, duk da sanin cewa hukuncin 1945 na jiransu a kotu.