Matacin launi a madubin likita wajen ɗaukar hoton jini

Matacin launi, ko filta, ɗan faifan gilashi ne da ake sakawa tsakanin fitilar madubin likita da gilashin da aka shafa wa jini, domin ya bar wani launin haske ya wuce, ya tare saura. Ƙa'idarsa guda ce: abin da launinsa ya yi daidai da na matacin sai ya dushe, wanda ya saɓa masa kuma ya yi duhu.

Tarihi

A 1880 Alphonse Laveran ya hango ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a Aljeriya cikin jinin da ba a rina ba. Rinin ya zo daga baya: na Romanowsky wajajen 1891, na Leishman a 1901, sai na Giemsa a 1904. Su ne ke mai da jajayen ƙwayoyin jini ruwan hoda, cibiyar fararen kuma shunayya. Matsalar ita ce fim ɗin ɗaukar hoto na wancan zamani baƙi da fari ne, launuka biyu daban na iya fitowa toka iri ɗaya. Da mataci aka raba su. Kamfanin kayan hoto na Kodak ya sayi kamfanin Wratten na Ingila, mai yin filtoci, a 1912, kuma har yau da lambobin Wratten ake kiran filtoci, kamar 58 kore da 80A shuɗi.

Zaɓi

Himoglobin, sinadarin da ke ba jini jan launi, ne ke yanke hukunci. Yana shanye haske sosai a wajen nanomita 415 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne, wanda ke nuna launinsa), sannan a 542 da 577, amma jan haske sama da 600 kusan ratsa shi yake yi. Saboda haka koren mataci na wajen 550 yana fito da jajayen ƙwayoyi da duhu, gefensu tsaf, abin da mai duba siffar sikila ke so. Ja kuwa yana dusar da su, ya bar abin da shuɗin rini ya kama.

Shuɗin gilashin da ake gani a ɗakunan gwajin maleriya aikinsa daban ne. Fitilar tangistin, wato ƙwan fitila mai zaren ƙarfe a ciki, rawaya-rawaya take, shuɗin gilashin ne ke gyara haskenta ya koma kamar na rana, don jan ɗigon ƙwayar cutar ya rabu da shuɗin jikinta.

Yanzu

Fitilar LED da kyamarar dijital sun rage buƙatar shuɗin mataci. Ana saɓani kan ko gyaran kwamfuta ya kai na gilashi.