Ba kowace damuwa ce "disturb" ba

Duk wanda ya yi boko a Najeriya ya san kalmar "disturb" tun yana firamare. Da ita malami ke tsawata wa masu surutu, da ita mai zazzaɓi ke gaya wa likita abin da ya addabe shi, ita ce kuma ake ratayawa a ƙofar ɗakin otal idan baƙo ba ya son a ƙwanƙwasa masa. Mun ɗora wa jaki ɗaya kayan ayari guda. Alhali Turanci yana da kalmomi da dama na hana mutum sukuni, kowace da inda take taɓawa, kuma kusan kowace tana da takwararta a Hausa, wadda muke mantawa da ita da zarar mun zauna yin fassara.

Asalin "disturb" daga harshen Latin ne, daga "turbare", wato a motsa abu har ya hargitse, kamar yadda shanu ke shiga kududdufi su gurɓata ruwan da ya kwanta. Daga wannan saiwa aka samu "trouble", da "perturb", da "turbulence" ɗin da matuƙin jirgin sama ke ambata idan iska ta fara jijjiga fasinjoji. To ku dubi namu. Mace tana dama fura, tana dama kunu. Yaro yana damun uwarsa, ita kuma ta damu. Harsuna biyu da ba su haɗa kaka ba, amma dukansu sun ɗauki zuciyar mutum kamar ruwa a ƙwarya, wanda ake sa ludayi a juya. Wannan dacewar tana burge ni ƙwarai. Sai dai a yi hattara da abu guda: idan Bature ya siffanta wani da cewa mutum ne "disturbed", sau da yawa taɓin hankali yake nufi. Kada ka rubuta haka a kan maigidanka don kawai ka ga yana cikin damuwa.

Kalmar da na fi so a lura da ita ita ce "unsettle". "Settle" shi ne abu ya zauna, ƙura ta lafa, gasara ta kwanta a gindin roba. Ƙarin "un" a gaba yana warware wannan zaman. Da jin haka mai fassara zai yi wuf ya ce ai tayar da hankali ke nan, tunda mu ma hankali kwanciya yake yi, ya kuma tashi. Hoton ɗaya ne, amma nauyin ya bambanta. Tashin hankali a Hausa ya kai har gobara, da rasuwa, da tarzomar da ake rufe kasuwa saboda ita. "Unsettle" kuwa ba ta da ihu. Ita ce abin da kake ji idan aka kira wayarka ƙarfe biyu na dare, ka ɗauka, ka ji shiru. Ko ka shiga gida ka tarar an canja wa kujera wuri, kuma kowa ya ce ba shi ba ne. Ba abin da ya same ka, amma barci ya ƙi zuwa. Bahaushe a nan cewa yake jikina bai ba ni ba, ko zuciyata na ɗar-ɗar, ko ina cikin zullumi. Duk wanda ya fassara wannan da tashin hankali ya zuba wa miya gishirin da ya fi ƙarfinta.

Masu kallon ƙwallon Ingila sun saba jin "rattled" a bakin masu sharhi. Kalmar daga ƙara ta samo asali, irin ƙarar tsakuwa a cikin gwangwani idan aka girgiza. An zura wa ƙungiya ƙwallo a minti na 3, sai ka ga 'yan baya suna miƙa wa abokan hamayya ƙwallo da ƙafarsu, gola yana ta yi musu tsawa. Sun daburce, sun ruɗe. Abu ne da ake gani da ido, kuma yakan wuce idan aka samu numfashi.

"Unnerve" ta fi wannan zurfi. "Nerve" jijiya ce, amma Turawa a nan suke ajiye ƙarfin hali, inda mu muke ajiye shi a gwiwa. Saboda haka wanda aka yi wa wannan, an sanyaya masa gwiwa ne, jikinsa ya yi la'asar. Golan da ke tsalle-tsalle a kan layi kafin bugun fanareti abin da yake nema ke nan.

Akwai kuma "faze", wadda ta yi ƙarfi a Turancin Amurka tun ƙarni na 19. Da wuya ka ji ta ba tare da korewa ba. Kullum cewa ake abu bai yi wa wane haka ba, ko a ce mutum "unfazed" ne. Hausa ta riga ta gama da wannan: ko gezau, ko a jikinsa, wai an tsikari kakkausa. Ɗalibai su kula, sautinta ɗaya da "phase" mai nufin mataki, amma rubutu da ma'ana daban.

"Upset" tana nufin kifar da abu, shi ya sa take ɗaukar ɓacin rai, da ɓacin ciki, da ba-zatar da ƙaramar ƙungiya ke yi wa babba. "Ruffle" kuwa hargitsa abu ce, kamar gashin tsuntsu, kuma an fi jin ta idan magana ta sosa ran manya ba tare da ta yi musu wani lahani ba.

Saura "spook", wadda Turanci ya aro daga harshen mutanen Holan, inda take nufin fatalwa. A yau 'yan jarida kan yi amfani da ita idan wani labari ya sa masu zuba jari suka fara janye kuɗinsu a gurguje. Amma masu dawaki sun fi kowa saninta. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Kano ko Katsina ya ga yadda sabon doki ke yi idan 'yan bindiga suka saki harbi kusa da shi: ya zabura, ya ɗaga ƙafafun gaba, mahayi ya riƙe linzami da hannu biyu yana lallashinsa har ya dawo cikin sahu.